Baturan Karafan da Sumar Baba

Har yau in na shiga shago na ji warin ruwan batir, raina ɓaci yake yi. Matata ta sani, shi ya sa in inbatan gidanmu, na'urar nan mai ajiye wuta a batir, ta fara kuka ƙanenta take kira ya duba, ba ta ma gaya mini.

Na yi shekaru ina tuƙi a Riyad, a gidan wani Balarabe da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Shi ne kafilina, wato da sunansa aka yi mini iƙama, kuma ba ni da ikon barin ƙasar sai ya buga mini bizar fita da dawowa. Ɗakina yana jikin katanga a bakin ƙofa, kamar na kowane direban gida. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai taɓa zagina ba, albashi ba ya makara, in an yi shinkafar kabsa a cikin gida ana aiko mini da nawa da zafinsa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce ƙiyayya ce ke magana. Ba mugu ba ne, kuma wallahi wannan ya fi ci mini rai, don da mugu ne da na san inda zan ajiye shi a zuciyata.

Yana da wata mota da suke kira karafan. Ɗaki ne sukutum a kan taya: gado, ɗan kicin, firji, bayi, har da talabijin. Ba a taɓa ta sai lokacin sanyi, in ruwa ya sauka sahara ta yi kore, sai su kwashi iyali su fita barr, can bayan gari, su kwana biyu suna gasa nama suna shan gahawa. Ni kaɗai nake tuƙa ta, ni nake wanke ta, ni na san abin da ke damunta. Batir iri biyu gare ta. Akwai na tayar da inji kamar na kowace mota, sannan akwai na ɗaki, a wani akwati ƙarƙashin gado, waɗanda ke riƙe fitilu da firji da famfon ruwa in an kashe inji.

A shekarar da nake magana, karafan ta yi bazara gaba ɗaya a tsaye gefen gida, rana na dukanta, ba wanda ya tuna da ita. Da iska ta fara sanyi kafilina ya ce in duba ta. Ina buɗe akwatin nan wari ya buge ni kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Baturan sun kumbura, ɗaya har ya tsage ta gefe. Na je na gaya masa sun mutu, ya ce ba komai, sai a sayi wasu.

A makon nan ne ƙanwata ta kira ni daga gida, can wajen Malumfashi. Ta ce Baba ya kwanta, ƙafafunsa sun kumbura, abinci sai an yi da gaske yake karɓar cokali biyu. Na tambaye ta ko an kai shi asibiti, ta ce an kai, an ba da magani an ce a dawo da shi gida. Sai ta ƙara da abin da ya sa gabana ya faɗi. Ta ce ya kori wanzami.

Sai na yi bayani a nan. Tun ina saurayi ni nake yi wa Baba aski. Yana da wani ɗan ƙari a ƙeya, wani wanzami ya taɓa yanke shi a wurin, tun daga ranar ya ce hannuna kawai ya yarda da shi. Da na tafi Saudiyya dole ta sa ya koma wa wanzamin unguwa, yana yi yana mita. Amma duk lokacin da ya ji na kusa zuwa hutu, sai ya dakatar da shi, ya tara mini sumar. Ina sauka, kafin in ci abinci ma, zai sa a fito da tabarma ƙofar zaure ya zauna ya sunkuyar da kai. To wannan karon ban ce zan zo ba, hutuna da saura. Shi ne ya ce wa wanzamin ya tafi, ɗansa yana hanya.

Bayan la'asar na sami kafilina a majalisinsa, ɗakin da yake karɓar baƙi, na faɗa masa komai, ban ɓoye ba, na ce mahaifina ba shi da lafiya sosai kuma yana nemana. Ya tashi ya dafa kafaɗata, ya yi addu'a mai tsawo, idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce in tafi mana, uba ai ba wasa ba ne. Abu ɗaya kawai, in sa wa karafan batura kafin in tafi, tunda ba wanda ya san kanta sai ni, ga ruwa ya kusa. Aikin kwana biyu ne, in ji shi, ina gamawa zai buga mini biza. Na yi godiya har da rusunawa, don ni ma a lokacin aikin kwana biyu na ɗauke shi.

Washegari da sassafe na tafi Sana'iyya, unguwar makanikai da masu kayan mota, na shiga shagon wani Bayamane da muke sayen batir a wurinsa. Na ce ya ba ni manya guda biyu irin na mota. Ya ce a'a, na karafan daban ne. Batirin mota ƙarfinsa na lokaci ɗaya ne, ya tayar da inji ya huta, in aka ce a yi ta tsotsarsa dare guda firji na ja, wata kaɗan zai yi ya mutu. Na ɗaki kuwa an yi shi ne don a ja shi a hankali har ya yi ƙasa, a sake cika shi, a sake ja. Ya nuna mini iri biyu. Akwai na ruwa, masu araha da juriya, amma sai ana buɗe su ana ƙara ruwa, kuma suna fitar da iska mai wari, suna son wuri mai shan iska. Akwai rufaffu, ba a buɗe su, ba a ƙara musu komai, sun fi tsada, kuma ba sa son a cika musu caji fiye da ƙima. Ya ce kowanne na ɗauka zai riƙe firji da fitilu kwana biyun da suke yi, in dai na haɗa su sababbi, iri ɗaya, girma ɗaya. Na auna akwatin da igiya, duka biyun suna shiga. Na ɗauki hotonsu a waya na koma gida da murnata.

Kafilina ya duba hotunan ya ce madalla, na yi ƙoƙari. Sai ya ce bari ya ɗan taɓa maganar ranar Alhamis a istiraha.

Istiraha wani gidan hutawa ne da danginsa suke da shi a bayan gari, fili da katanga da tanti, inda mazan gidan ke haɗuwa duk Alhamis da yamma. Ni nake kai shi, ni nake sauke itace da butocin gahawa, sannan in zauna daga bakin tanti inda za a iya kirana. Daga nan nake jin komai. Da ya kawo maganar batir, wanda ya fara amsawa baffansa ne, ƙanin mahaifinsa, tsoho mai sanda wanda ya yi zamani da manyan motocin ɗaukar kaya. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce na ruwa, ba wani batir a duniya sai na ruwa, sauran duk kayan wasan yara ne. Sai ƙanin matar kafilina, wanda ya yi karatu a waje kuma ba ya rabuwa da waya a hannu, ya ce cikin ladabi ai na ruwa a ƙarƙashin gadon da yara ke kwana haɗari ne, rufaffu ake sawa yanzu. Kowa ya zuba wa kafilina ido.

Ya ɗauki buta ya zuba wa baffan, ya zuba wa surukin, ya ce wallahi kowa ya faɗi gaskiya. Sannan ya ɗaga murya ya kira ni, ya ce gobe in koma in tambayo nauyin kowanne da ƙasar da aka ƙera shi.

Na koma na tambayo. Na kawo masa ranar Asabar, ya ce to, sai Alhamis.

Ban gane abin da ake ciki ba sai a zama na biyu. Ba batir ake zaɓa ba. In ya ɗauki rufaffu, ya watsa wa ƙanin mahaifinsa ƙasa a ido gaban jama'a, kuma a wurinsu wannan babban abu ne. In ya ɗauki na ruwa, ya nuna ƙanin matarsa bai san abin da yake faɗa ba, kuma kafin mu isa gida labari ya riga mu. To maimakon ya buɗe baki ya ce ga wanda nake so, sai ya samo dabara: duk lokacin da aka matsa masa, sai ya aike ni neman wani sabon bayani. Muddin direba yana kan bincike, ba a yanke hukunci ba, ba wanda aka kunyata. Ni ne labulen da yake ɓuya a baya, mahaifina kuwa yana can kwance yana jira.

Aiken da na sha a makonnin nan, in na tuna har yanzu takaici ke kama ni. Na je na karanto kwanan watan da aka buga a jikin kowane batir. Na je na tambayo garanti. Na je na tambayo wanda ya fi jure zafi, alhali lokacin sanyi za a yi amfani da su. Ana cikin haka wani maƙwabcinsu ya zo istiraha cin abinci, ya ji ana gardama, shi ma ya tsoma baki ya ce akwai wani sabon iri mara nauyi da Turawa ke sawa, sai aka ƙara mini aiki, na yi yini biyu ina neman abin da yawancin masu shago ba su taɓa riƙewa a hannu ba. Baffan kuma ya tuno wani amininsa mai sayar da batir a Dira, tsohuwar unguwar kasuwa, ya ce shi kaɗai ne ba ya ha'inci. Na yi ta zagaye lungunan bayan tsohon ginin Masmak ina tambaya, ƙafata har ta yi ciwo, daga ƙarshe wani tsoho ya ce mutumin ya daɗe da rasuwa, shagon turare ake sayarwa a ciki yanzu. Da na kawo wannan labari baffan ya yi salati ya yi masa addu'a, aka shiga hirar mutanen da, maganar batir ta sake kwana.

Bayamanen nan da farko dariya yake yi in ya hango ni, yana cewa ga malamin batir ya dawo. Da na gaya masa dalilin gaggawata, ya daina dariya.

Ba wai na yi shiru ba ne. Na sake samun kafilina na ce jikin Baba ya ƙara tsanani. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, bukra in sha Allah, wato gobe. Na ce to ya bari in sa kowanne, in na dawo sai a canza in bai yi ba. Ya zaro ido ya ce in baffansa ya leƙa ya gani fa? Na ce to ni zan saya da albashina, sai ya ce direba ne ya yi karambani, laifin ya hau kaina. Nan ya ɓata rai sosai, ya ce aib ne, abin kunya, ina so a ce ya kasa sayen batir sai bawan Allah da ke ƙarƙashinsa ya saya masa? Ya ciro kuɗi ya ce in aika gida a sayi magani. Na karɓa don ba a mayar musu da kyauta, amma ji na yi kamar in watsa masa su a fuska. Baba ba magani ya ce a kawo masa ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci nakan je Shumaisi wurin 'yan uwanmu Hausawa, mu ci tuwo a ɗakin wani mutumin Gusau. Na zazzage musu cikina. Wani ya ce in ajiye masa mukulli in ƙi aiki, sauran suka taso masa, suka ce in ya fusata ya kai rahoton na gudu, to ba Malumfashi ba, ko filin jirgi ba zan gani da daɗi ba. Suka ce in yi haƙuri. Kowa haƙuri, kowa haƙuri. Na tashi ban gama cin tuwon ba, don na ji in na ƙara jin kalmar nan zan zagi wani, kuma ba su suka yi mini laifi ba.

Ranar wata Litinin ina cikin shagon Bayamanen, an aiko ni in tambayo ko cajar da ke cikin karafan za ta dace da rufaffu, sai ga kiran ƙanwata. Ta ce in yi magana da sauri, sun yi kwanaki ba wuta, mai cajin kasuwa kuma injinsa ba mai, wayar saura ƙiris ta mutu. Ta ce yau Baba ya ɗan farfaɗo, ga shi. Na ji ana gyara masa waya a kunne, na ji numfashinsa.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba. Ya jikin?"

"Kan nan ya yi mini nauyi," in ji shi. "In za ka taho ka sayo reza mai kyau, ta can ta fi kaifi."

Na ce to Baba, ina nan tafe, ban ma rufe baki ba wayar ta ɗauke. Na kira, a kashe. Na sake kira, a kashe. Na tsaya a tsakiyar shagon nan, batura jere tun daga ƙasa har rufi, hagu da dama, wutar da za ta haska ƙauyenmu gaba ɗaya, ga ni riƙe da waya ba na iya jin muryar ubana. Ban san lokacin da na ce wa Bayamanen ya ɗora mini rufaffu guda biyu a mota ba, ya rubuta a sunan gidan kamar yadda aka saba. Da kansa ya taya ni ɗauka. A hanya na tsaya wani kanti na sayi reza.

Kafin magariba na gama haɗa su. Na kunna fitilu suka kama, firji ya fara ƙara, famfo ya kawo ruwa. Aikin da bai kai tsakanin la'asar da magariba ba. Na je na kira kafilina na ce ya zo ya gani, na shirya wa faɗa, har so nake ya yi faɗan don in samu in amayar da abin da ke cikina. Bai yi ba. Ya leƙa akwatin, ya kama haɓa, ya ce yanzu me zai ce wa baffansa? Na ce, ɗal umrak, wato ranka ya daɗe, ga karafan ta tashi, saura alkawari. Ya ce ƙwarai, alkawari na nan, amma in bari zuwa Alhamis ya samu ya shigar wa tsohon da maganar ta hanyar da ta dace, in ya ƙi sai in cire su in mayar kafin in wuce. Ya ce kwana uku ne kawai.

Baba ya rasu ranar Laraba da hantsi. Da wayar maƙwabci ƙanwata ta kira ni, kuma kafin azahar an kai shi.

Na shiga na gaya wa kafilina. Ya yi salati, ya rungume ni, ya yi kuka na gaske, ban ce na ƙarya ba ne. Sannan ya ciro wayarsa daga aljihu, ya danna, ya danna, ya juyo mini da ita ya ce ga biza ta fita. Ko zama bai yi ba. Abin da na yi makonni ina roƙo, ashe bai kai a sha kofin gahawa ɗaya ba. Na kalli babban yatsan nan nasa, wallahi ban taɓa tsanar wani abu a jikin ɗan Adam kamar yadda na tsani yatsan nan a ranar ba.

Da yamma baffan ya zo yi mini ta'aziyya har bakin ɗakina, da sandarsa, ya riƙe hannuna ya yi addu'a. Mutumin kirki ne shi ma, abin haushin ke nan, duk mutanen kirki ne. Zai tafi sai ya ga ƙofar karafan a buɗe, fitila na ci a ciki, ya ce ma sha Allah, an gyara ta ke nan. Kafilina ya fara kame-kame, yana cewa ai dama yana so ya same shi, direba ne ya yi gaggawa saboda halin da yake ciki, rufaffu aka sa amma in bai yarda ba za a cire. Tsohon ya dube shi da mamaki.

"Wane batir kuma?"

Aka tuna masa. Ya kaɗa hannu ya ce shi ina ruwansa, ba ga wuta ta kama ba? Ya ce shi fa hira kawai yake yi. Ya shiga mota aka ja shi. Kafilina ya sauke ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi, sai ya haɗa ido da ni ya sunkuyar da kai. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don na san in na buɗe baki ba zan tsaya ba.

Na isa gida ana zaman makoki. Na je kabari, na dawo na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa. Cikin masu zuwa har da wanzamin unguwa, ya durƙusa ya ce duk mako sai ya zo da zabirarsa ko Allah zai sa a yarda, duk mako daga kan gado Baba zai ce a ce masa ya koma, yaron yana hanya. Da jama'a suka ragu na shiga ciki wurin ƙanwata. Rezar tana aljihun rigata, a kwalinta, ban san dalilin da ya sa na shigo da ita ba. Na tambaye ta ko an samu an rage masa sumar kafin ya cika.

"Yaya, bai yarda ba," in ji ta. "Gawa kuma ka san ba a yi mata aski. Da sumarsa aka kai shi."

Na ce ta yi yawa ne? Ta ɗaga yatsanta ta nuna mini gaɓa biyu, ta ce fara fat, har ta rufe ƙarin nan na ƙeya.